Yadda na gyara kuskuren clock_gettime a Linux

Ƙaramar manhaja nake rubutawa da C don auna lokacin da wani lissafi ke ɗauka. Na sa time.h, na kira clock_gettime, aikin da ke karanta agogon na'ura, sai GCC, manhajar da ke harhaɗa rubutun C, ya ce bai san wannan aikin ba, CLOCK_MONOTONIC ma, sunan agogon da nake so, bai taɓa jin labarinsa ba. Na duba rubutun har sau uku, ko harafi ɗaya ban kuskure ba.

Ashe laifin -std=c99 ne da na kwafo cikin Makefile, fayil ɗin umarnin harhaɗawa. Wannan umarnin yana sa glibc, taskar ayyukan C da ake amfani da ita a Linux, ta ɓoye abubuwa da yawa da ba na ainihin C ba, clock_gettime kuwa na POSIX ne, wato ƙa'idar tsarukan aiki irin Unix. Maganin layi ɗaya ne:

#define _POSIX_C_SOURCE 199309L

To a nan na yi wauta. Na sa shi ƙarƙashin stdio.h, kuskuren ko gezau. Dalili kuwa, fayil na farko da aka jawo shi ke karanta features.h, a nan ake yanke hukuncin abin da za a ɓoye sau ɗaya tak. Abin da ya zo daga baya ya makara. Da na mayar da layin can sama, kafin kowane #include, sai komai ya wuce sumul.

Da -std=gnu99 ma an huta, amma na fi son fayil ya faɗi bukatarsa da kansa.

A wata tsohuwar na'ura kuma sai da na ƙara -lrt bayan sunan fayil, domin kafin glibc 2.17 aikin yana cikin wata taska daban mai suna librt ne.