Yadda Ake Naɗar Labarin Tsohon Sojan Yaƙin Biyetnam

Mazan da Amurka ta ɗauka aikin soja dole a zamanin yaƙin Biyetnam duk sun haura shekara 70 yau, kuma da yawansu sun dawo gida ba wanda ya ce musu sannu da zuwa. Godiyar da ta fi ratsa zuciyar irin wannan dattijo ita ce a zauna a saurare shi, a adana abin da ya faɗa.

Kafin ka je, nemi ranar haihuwarsa. A ranar 1 ga Disamba 1969 aka yi ƙuri'ar ɗaukar soja dole da ta shafi waɗanda aka haifa daga 1944 zuwa 1950. Ranakun shekara 366 aka zuba a kwalba ana zaro su ɗaya bayan ɗaya, 14 ga Satumba ta fara fitowa, wato masu wannan ranar haihuwa su ne lamba 1, kuma an kira mutane aikin soja har zuwa lamba 195. Idan ƙuri'ar ta shafe shi, fara da ita: wace lamba ya samu, yana ina a daren, me mahaifiyarsa ta ce? Da wuya ka ga wanda ya manta lambarsa. Wanda aka ɗauka kafin 1970 kuwa, hukumar yankinsu ce ta zaɓe shi, sai ka tambaye shi ranar da takardar kira ta iso.

Roƙe shi ya fito da takardar sallamarsa, wadda ake kira DD-214. Rundunarsa, muƙaminsa da ranakun shiga da fita duk suna ciki, ba sai ka wahalar da shi da tuna kwanan wata ba.

Waya ta isa wajen naɗa. Cika ta da caji, ka kafe ta kusa da shi, a kashe talabijin da fanka domin ƙararsu na danne muryar tsoho. Yi gwajin minti ɗaya ka saurara tukuna.

Inda aka fi ɓata aikin shi ne wajen tambaya. Kada ka taɓa tambayarsa ko ya kashe mutum. Daga nan yakan rufe bakinsa gaba ɗaya. Idan ya yi shiru, bar shi da shirunsa, sau da yawa muhimmiyar maganar tana bayansa. In ya kuskure shekara kada ka gyara masa a lokacin. In ka ga numfashinsa ya sauya ko hannunsa na rawa, dakata, ka bari shi ya ce a ci gaba.

Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana da shirin adana tarihin tsofaffin sojoji tun 2000. Ba ya karɓar hirar da ta gaza minti 30, kuma sai dattijon ya sa hannu a takardar amincewa. Kafin ka aika, ba iyalinsa kwafinsu, ka ajiye wani a wuri na biyu.