Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar tarihin daular Khmer

Wanda ya fara karanta tarihin Angkor, tsohon birnin mutanen Khmer a ƙasar Kambodiya, yawanci da labari guda yake fara cin karo: wai wani Bafaranshe, Henri Mouhot, ya gano birnin a cikin ƙurmi a 1860. Wannan ne kuskure na farko, kuma ya fi ba ni haushi. Angkor Wat, babban wurin bauta na birnin, bai taɓa ɓata ba. Masu ibadar addinin Buddha suna zaune a wurin tun kafin zuwansa, wani ɗan Fotugal ya ziyarci wurin a 1586, wani baƙo daga Japan ma ya bar rubutu a jikin ginin a 1632. Rubuce-rubucen Mouhot dai su ne suka yaɗa labarin a Turai. Idan ka ji an ce "an gano", ka tambaya: su wa ba su san da wurin ba?

Na biyu ya fi zurfi, shi ne ɗaukar rubutun duwatsu a matsayin gaskiya tsantsa. Rubuce-rubucen sun haura dubu, cikin harsuna biyu. Na Sanskrit, tsohon harshen Indiya, kirari ne, kuma kowa ya san maroƙi ba ya faɗin ranar da sarki ya sha kashi. Na tsohon harshen Khmer kuwa lissafi ne: gonaki, shanu, shinkafa da bayin da aka ba wuraren bauta. Lissafin nan maras armashi shi ya fi amfani. Dutsen wurin bauta na Ta Prohm na 1186 ya ƙidaya mutum 12,640 masu yi wa wurin hidima, daga nan ake gane yawan abincin da ƙauyuka suke kaiwa. Sannan a riƙa duba ranar rubutu. Shekarar 802, da ake cewa sarki Jayavarman na Biyu ya kafa daular, an samo ta ne daga dutsen wurin bauta na Sdok Kok Thom da aka sassaƙa a 1052, bayan shekara 250, kuma wani gidan malaman fada ne ya rubuta don nuna asalinsa. Ba a zubar da irin wannan shaida, amma sai an gwada ta da wata.

Haka ake yi da Zhou Daguan, jami'in ƙasar Sin da ya zauna a Angkor daga 1296 zuwa 1297. Shi ya ba da labarin mata masu ciniki a kasuwa da gidajen talakawa masu rufin ciyawa. Sai dai baƙo ne, ƙasa da shekara ya yi, wani abin kuma jin sa ya yi a bakin mutane. Gyaran shi ne a haɗa maganarsa da zanen bangon wurin bauta na Bayon a Angkor, inda aka sassaƙa masunta da 'yan kasuwa.

Wasu kuma suna zaton gine-ginen dutse su ne birnin. Dutse na alloli ne. Har sarki a gidan katako yake kwana, katako da littattafan ganyen giginya kuwa damina da gara sun cinye su. A 2012 masu bincike suka harba hasken laza daga jirgi mai saukar ungulu, ya ratsa bishiyoyi ya auna doron ƙasa, sai ga tituna, tafkuna da tuddan gidaje a jere.

Sai maganar faɗuwar birnin. Ana yawan cewa sojojin Ayutthaya, wata daula a ƙasar Thailand ta yau, sun ci shi a 1431, shi ke nan. Littattafan da suka kawo labarin an rubuta su ne bayan ɗaruruwan shekaru. Zoben cikin kututturen tsofaffin bishiyoyi a Biyetnam ya nuna dogon fari a ƙarni na 14 da farkon na 15, da ruwa mai yawa a tsakani, magudanan ruwan Angkor kuma suna ɗauke da alamar ambaliya da cikowar yashi. Fada ta koma kudu wajen Phnom Penh, babban birnin Kambodiya na yau, inda kasuwancin teku ya fi kusa, mutane suka ragu sannu a hankali, Angkor Wat kuwa aka ci gaba da ibada a cikinsa.