Kafin Ka Zama Masanin Ruwa, Fara Koyon Auna Shi

Duk ɗalibin da ya zo ya ce mini yana son aikin binciken ruwa, abin da a jami'a ake kira haidiroloji, ba na fara masa maganar digiri. Lemo guda nake sa shi ya saya, ya nemo tef ɗin awo da sanda, mu tafi bakin kanal ɗin ban ruwa a Kadawa, jihar Kano.

Ga yadda muke yi. Ka nemi inda kanal ya miƙe, babu lanƙwasa, babu ciyawa, ka auna mita 10 ka kafa alama a farko da ƙarshe. Ka auna faɗin ruwan, ka tsoma sanda a wuri uku ko huɗu ka ɗauki matsakaicin zurfi. A ce faɗi mita 1 ne, zurfi rabin mita. Sai ka jefa lemon sama da alamar farko, ka danna agogon waya lokacin da ya ƙetare ta. Lemo muke so saboda yana nutsewa rabi, iska ba ta wasa da shi yadda take yi da kara. Idan ya cinye mita 10 a daƙiƙa 20, gudunsa rabin mita ne a daƙiƙa. Amma ruwan da ke saman kanal ya fi na ƙasansa gudu, don haka ka ninka da 0.8, ya koma 0.4. Ninka wannan da faɗi da zurfi, ka sami 0.2, wato lita 200 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ka maimaita sau uku, kada ka yarda da jefawa ɗaya.

Yanzu ka kai lissafin nan gona. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Wannan ka haddace shi kamar lambar wayarka. A zafin bazara shuka tana iya shan milimita 7 a yini, lita 70,000 ke nan a hekta. Idan rabin ruwan yana tsiyayewa a hanya, wanda ba abin mamaki ba ne a kanal ɗin ƙasa, dole ka sako 140,000. Kanal ɗin namu yana kawo lita 720,000 a awa, ke nan buƙatar yini ta kusan hekta 5 yake biya a kowace awa. Ranar da ɗalibi ya yi wannan da hannunsa, ranar yake gane dalilin da ya sa mai gona a ƙarshen layi yake kwana a bakin kanal da tocila, yana jiran na gaba su ƙoshi.

Maganar makaranta gajeriya ce. A sakandare ka riƙe lissafi da fiziks da kemistiri. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, kuma ana shigowa ta injiniyan gine-gine, ko injiniyan noma, ko ilimin duwatsu ga mai son ruwan ƙarƙashin ƙasa. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, wadda aka kafa a 1979. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma da ruwa, a Yamai. A kwamfuta, ka ƙware a Excel tukuna, sannan QGIS don taswira, sannan CROPWAT na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don lissafin ruwan da shuka take buƙata. Biyun na ƙarshe kyauta ne. Python ko R, harsunan rubuta manhajar kwamfuta, su biyo baya.

Amma kwamfuta abin da ka ba ta shi take dawo maka da shi. Na taɓa shafe makonni ina aiki da bayanan wata tashar awo, sai na lura tsayin kogi bai motsa ba kwana da kwanaki a tsakiyar Agusta, lamba ɗaya ake ta maimaitawa. Na hau mota na je. Ambaliya ta tafi da sandar awon, dattijon da ke karanta ta ya aika saƙo babu wanda ya zo, alawus ɗinsa ma ya daɗe bai gani ba. Na ce, "Baba, to wannan lambar fa?" Ya ce ita ce ta ƙarshe da ya gani da idonsa, kuma ya ji nauyin mayar da littafi babu rubutu. Sai ya kai ni gindin wata tsamiya ya nuna mini inda ruwa ya tsaya a jikinta, laka na nan ba ta goge ba. Da wannan alamar muka gyara lissafin. Tun daga nan ba na taɓa bayanan tashar da ban taka ba, kuma ba na zuwa hannu rabbana.

Sai ka zaɓi kogi ɗaya ka san shi tun daga kai har wutsiya. Ni Haɗeja na zaɓa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tiga ce ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, tumatir da shinkafa da alkamar da ake alfahari da su daga nan suke. To amma ka bi kogin ka gangara, ka wuce Wudil, ka kai dausayin Haɗeja da Nguru. A da kogin yakan cika da damina ya malale fadamu, da rani ya ƙafe. Da aka riƙa sakin ruwa duk shekara, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma ya daina isa gare su, ga tsuntsun jan baki ya sami maɓoya yana cinye hatsi. Manomi da masunci da makiyayi har Gashuwa duk sun ji a jikinsu. Duk shawarar da za ka bayar a kan buɗe ƙofar dam, ka tambayi kanka wa za ta taɓa kilomita ɗari biyu daga nan. A ganina wannan tambayar ce ainihin aikin.

A gona kuwa, babbar cutar da na fi gani ita ce ruwa ya yi yawa. Manomi yana ganin tunda ya samu gara ya cika, don bai san yaushe zai sake samu ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Amma ruwan ƙasa sai ya taso, rana ta busar da shi, ya bar farin gishiri kamar an barbaɗa kanwa. Ka koyi amfani da na'urar gwada gishiri, ka riƙa duba magudanan fitar da ruwa, domin su aka fi mantawa. Ga mai shinkafa, ka yanko bututun roba mai tsawon santimita 30, ka huda rabinsa, ka binne ɓangaren hudojin, ka kwashe ƙasar ciki. Kada a sake ban ruwa sai ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sai lokacin fure, nan kam a bar ruwa a tsaye. Kada ka yi wa'azi a kai. Ka roƙi kwami biyu a gonar wanda ake jin maganarsa a ƙungiyar masu ban ruwa, a gwada, a ƙirga litar fetur da injin ya sha, a auna buhu ranar girbi.

Wurin aiki akwai: hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da Sakkwato da Rima, da Tafkin Chadi, da NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara, da ma'aikatun ruwa na jihohi, da jami'o'i, da kamfanoni masu zaman kansu. Albashin farko ba mai yawa ba ne, ga rana, ga sauro. Idan lokacin koyon aiki na wata shida ya zo, ka nemi a tura ka fili ko da ofis ya fi sanyi. Kafin nan, ka sayi littafi mai bango mai kauri da fensir, don biro yana zuba idan ya jiƙe. Ka zaɓi rijiya ɗaya a unguwarku, duk Asabar da sassafe kafin a fara ja ka zura igiya ka rubuta nisan ruwa daga baki, tun daga wannan makon har damina mai zuwa ta sauka.