Babi na 6: Kayan hawa keke da maganin zufa

Darasi na 1: Riga biyu

'Yan'uwa, duk wanda ya tuƙa keke daga unguwar Nima zuwa kasuwar Makola a Accra zai isa a jiƙe, ko da sassafe ya fita. Accra a bakin teku take, iskarta da laima, shi ya sa zufa ba ta saurin bushewa. Ba laifinku ba ne.

Ku tanadi riga biyu, ta hanya da ta aiki. Ta hanya ta zama mara nauyi, irin ta 'yan ƙwallo da ake samu a gwanjon Kantamanto, domin tana bushewa da wuri. Ta auduga shan zufa take ta riƙe. Rigar aiki kuwa ku ninke, ku sa a leda, ku ɗaure a kariya. Kariya ita ce ƙarfen nan da ke bayan kujerar keke. Kada ku goya jaka, bayanku zai jiƙe.

Darasi na 2: Idan kun isa

A nan ake yawan kuskure, sai mu bi a hankali.

Kun sauka. Kada ku canza riga tukuna. Ku shiga inuwa, ku sha fiya wata guda, rabin lita ke nan. Ku jira minti 10. Jiki kamar tukunya yake, an sauke ta daga wuta amma tana ci gaba da tururi. Sai zufa ta tsaya za ku goge wuya, hammata da baya da ɗan tawul mai laima, sannan ku sa rigar aiki.

Mu maimaita. Inuwa, ruwa, jira, gogewa, sannan riga. Wanda ya manta, babu komai, ya sake karantawa da yatsa a kan layin. Jira kafin riga.

Amma fisabilillahi, sau nawa zan faɗa? Makon jiya wani dattijo a ajinmu ya ce dabarar ba ta yi masa ba. Ashe yana sauka yake zura riga. Haba Baba! Ka jiƙa riga biyu ke nan. Ba ku da agogo? Akwai a wayarku. Minti 10, jira kafin riga.

Darasi na 3: Wando

Sarƙar keke a dama take. Ku naɗe ƙafar wando ta dama ko ku ɗaure da roba. Babbar riga da jallabiya suna shiga taya, su ma a leda.

Darasi na 4: Damina

Mayu da Yuni, ku riƙe rigar ruwa. Ledar kaya ta zama guda biyu, ɗaya cikin ɗaya.