Kurakuran da Ke Ƙona Wufar Mota da Yadda Ake Daidaita Ta da Amfilifaya

Sau da yawa wufar da ke ƙonewa, wato lasifikar da ke fitar da bas, tun a wurin saye aka yanke mata hukunci. Mai mota ya ga an rubuta wat 1200 ɓaro-ɓaro a jikin kwali, sai ya nemi amfilifaya mai irin wannan lambar. Ita kuwa lambar MAX ko PEAK, ƙarfin da wufa ke jurewa ne na ƙiftawar ido kawai. Lambar aiki ita ce RMS, wato ƙarfin da take jurewa na dogon lokaci, wadda ake maƙalewa cikin ƙananan rubutu. Wufar da aka yi wa kirarin 1200, RMS ɗinta kan tsaya wajen 400. Abin da take so shi ne amfilifaya mai RMS tsakanin kashi 75 zuwa 150 cikin ɗari na nata, wato wat 300 zuwa 600.

Shi ma amfilifaya ana yi masa ƙarin gishiri, amma fis ɗinsa yakan tona asiri. Idan fis ɗin amfiya 30 ne, ninka shi da bolt 14.4, ka samu 432. Cire kashi 20 cikin ɗari da ke tafiya a zafi a amfilifaya ajin D, saura wat 345 ko kusa da haka. Ko an rubuta 3000 a jikinsa, iyakarsa ke nan.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa: manta om, wato ma'aunin turjiyar da wufa ke yi wa wutar lantarki. Ƙarfin amfilifaya yana canzawa da om ɗin da aka ɗora masa. Wanda ke ba da wat 500 a om 2 yakan ba da wajen 300 a om 4. Wufa mai kwayil biyu (kwayil shi ne naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin wufa), kowanne om 4, hanya biyu ake haɗa ta. In ka haɗa fozitif da fozitif, negatif da negatif, ta koma om 2. In ka yi haɗin sarƙa, wato negatif na kwayil ɗaya ya shiga fozitif na ɗayan, ta koma om 8, ƙarfin ya faɗi zuwa wajen 150, mai mota ya yi ta ƙorafin cewa wufa ba ta duka. Om 4 kam ba za ka same shi daga wannan wufar guda ɗaya ba, sai dai mai kwayil biyu na om 2, wadda ke ba da om 4 ko om 1. Saboda haka a fara lissafa om ɗin ƙarshe, sannan a duba abin da amfilifaya ke bayarwa a daidai wannan om ɗin. Kada a sauka ƙasa da om ɗin da kamfanin amfilifaya ya rubuta. Amfilifaya mai layi biyu da aka game layukansa don wufa ɗaya, galibi ba ya ɗaukar ƙasa da om 4. Ka ba shi 2, zai yi zafi, jar fitilar PROTECT ta kama, ya ɗauke.

Sai babban mai kisan, maɓallin GAIN. Mutane da yawa sun ɗauke shi maɓallin ƙara sauti, alhali aikinsa daidaita siginar rediyo da amfilifaya ne. Idan aka murɗa shi fiye da kima, amfilifaya yakan nemi ba da abin da ba shi da shi, sai kan siginar ya yanke, sautin ya zama ƙazami. Kwayil ya yi ta shan zafi har gam ɗinsa ya narke, ka fara jin wari daga but ɗin mota, in ka danna fuskar wufar da hannu ka ji tana gurzawa. Daga nan ne maganar nan ta samo asali cewa ƙaramin amfilifaya yana ƙona wufa. Ƙanƙantarsa ba ta da laifi, matsa masa da ake yi ne ke jawo ɓarnar.

Ga yadda ake saita GAIN da mitar awon wuta. Cire wayoyin wufa daga amfilifaya. Kashe BASS BOOST, ka mayar da bas da sauran gyare-gyaren rediyo sifili, GAIN kuma can ƙasa. Kunna injin mota, ka sa sautin gwaji na haz 50 (haz ma'aunin mitar sauti ne), ka ɗaga rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakarsa. Ninka wat da om, ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimlar: misali wat 500 sau om 2 ya zama 1000, amsar kuwa 31.6. Sa mita a kan bolt na AC, ka ɗora a mafitar wufa, ka murɗa GAIN sannu a hankali har ta nuna 31.6, ka tsaya. In RMS na wufa bai kai na amfilifaya ba, da lambar wufar za ka yi lissafin. BASS BOOST kuwa gara a bar shi a kashe, domin kowane ƙarin desibel 3 na sauti yana neman ninki biyu na ƙarfi.

Waya ma tana cin amanar lissafi. Da geji ake auna kaurinta, ƙaramar lamba ta fi kauri. Geji 8 na zallar tagulla yana isa har wat 500, geji 4 har 1000, sama da haka sai geji 0. Wayar alminiyan da aka shafe da tagulla tana buƙatar ƙarin kauri. Fis ya zauna cikin santimita 45 daga batir, wayar negatif ta zama gajeriya, a kankare fentin jikin mota har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure ta. In fitilun gaba suna dusashewa duk lokacin da bas ya buga, wuta ce ba ta isa, a duba waya da altaneta kafin a zargi amfilifaya.

Akwatin wufa mai ƙofar iska yana da nasa sharaɗin. Ƙasa da mitar sautin da aka gina shi a kai, iska ba ta riƙe fuskar wufa, sai ta yi ta fizga har ta yage ko da wat bai wuce kima ba. A kunna SUBSONIC, matatar da ke yanke sautin da ya yi ƙasa sosai, kaɗan ƙasa da wannan mitar, misali haz 28 ga akwatin haz 35, LPF kuma, mai hana sautin sama shiga wufa, a ajiye shi wajen haz 80.