Yadda za ki zana salsalar kurumta a danginku kafin ki je wurin likita

Ɗana na biyu yana da wata tara na gane ba ya ji. Tire ne ya suɓuce mini a tsakar gidanmu nan Daura, har kaji suka watse, shi ko yana zaune kan tabarma yana wasa da murfin kwano, ko waiwaye bai yi ba. Kafin sati ya zagayo kowa ya kawo tasa: wasu su ce iska ce, wasu su ce daga wajena ne. Alhali ni da maigidan 'ya'yan wa da ƙani ne. Da likita ya tambaye ni ko akwai kurma a dangi, sai na yi ta kame-kame. Kada haka ta same ki.

Ki ciro shafi biyu daga tsakiyar littafin makaranta. Mace ki yi mata da'ira, namiji ki yi masa akwati, wanda ba ya ji ki cike nasa da baƙi. Mata da miji ki haɗa su da layi ɗaya, in auren zumunci ne ki ja biyu. Ki fara daga 'ya'yanki, ki haura zuwa kakanni ta ɓangarenki da na mijinki, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana.

Sai ki nemi tsofaffin mata, su ke riƙe da wannan labari. Amma kada ki faɗa musu da "akwai kurma a gidan nan?", za a ce miki babu. Ni cewa na yi, "Goggo, wai a zamaninku wa ya yi jinkirin magana?" Ta yi shiru tana gyaran zogale, can ta ce, "Ai ƙanen kakanku bebe ne, da hannu ake masa magana." Ban taɓa jin an ambace shi ba sai ranar.

Duk wanda kika cike da baƙi, ki bi diddigi: da abin aka haife shi, ko bayan ciwo ne? A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai suna kashe kunne, haka allurai irin su jentamaisin, kuma kurumtar da ciwo ya jawo ba a gadonta. Ki rubuta a gefe in akwai mai maƙoƙo, ko dundumi, ko farin gashi a goshi tun yarinta, ko idanu masu launi daban-daban, domin akwai kurumtar da ke tafe da su.

In kin ga iyaye suna ji amma 'ya'ya sun fito kurame, galibi lissafin irin na sikila ne, AS ya auri AS. Uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon kurumtar a ɓoye, kuma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Kowane ciki fa, don samun ɗaya bai wanke ukun da ke tafe ba. In kuwa abin yana bin layi, kaka zuwa uba zuwa ɗa, yiwuwar takan kai rabi.

Da irin wannan zane masana suka fara. Christine Petit, ta Cibiyar Pasteur da ke Faransa, ta bi gidaje masu auren zumunci a Tunisiya, a 1994 ita da abokan aikinta suka gano inda matsalar take a kromosom na 13, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum. A 1997 wasu masana a Ingila suka tabbatar da ƙwayar, GJB2, wadda ta fi kowace jawo kurumtar gado a Turai. Sai dai binciken Ambroise Wonkam, ɗan Kamaru, ya nuna da wuya a samu lahaninta a baƙaƙen Afirka, in ban da Gana da Senegal. Ke nan ko an gwada GJB2 an ce lafiya lau, hakan bai kore gado ba, tunda ƙwayoyin da ke jawo kurumta sun haura 100. Shi ya sa nake ganin takardar nan ta fi mana amfani a yanzu.

Ki kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In kin sake haihuwa ki nemi a gwada jin jaririn cikin watansa na farko, kada ki jira sai tire ya faɗi. Maganar hannu kuma ki fara ta yau, gida duka. Ni da na dawo na shimfiɗa takardar gaban surukata, na ce, "Inna, ga shi nan, ta bayan Baffa ya biyo, mu duka biyu." Ta daɗe tana kallon akwatin ƙanen kakanmu, sannan ta ce in nuna mata yadda ake cewa "zo" da hannu.