Wata biyar da waya a hannu: gyare-gyaren da na yi, ko za su yi maka amfani

Ni tela ne a Fagge. Na sayi wayata a kasuwar Farm Centre ana saura mako biyu a kama azumi, saboda kwastomomi sun ishe ni da "Malam, wai ba ka WhatsApp ne? Da na turo maka samfurin." Gigabait 64 ce, batirinta 5000mAh. Wata biyun farko lafiya lau. A na uku ta fara nauyi, in na taɓa hoto sai ta tsaya kamar mai tunanin bashi. Na ɗauka ta lalace ne, ashe cika ta yi, kuma yawancin abin da ya cika ta ba nawa ba ne.

To daga nan za ka fara. Shiga setin ɗin WhatsApp, wajen da aka rubuta Storage and data, ka kashe sauke hotuna da bidiyo kai tsaye, ko da data ko da Wi-Fi. Sannan ka buɗe Manage storage. Zai ware maka duk abin da ya haura megabait 5, da wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Ni da na duba, gurup ɗin danginmu kaɗai ya ci wajen gigabait tara: gaisuwar Juma'a mai furanni, wa'azin minti arba'in da mutum uku suka turo daban-daban, bidiyon kamun amaryar da ban ma san ta ba. Ba sai ka fita daga gurup ba, kada Goggo ta ce ka yanke zumunci. Ka sa shi shiru kawai, abin da kake so ka sauke da hannunka.

Sai dai ka goge a hankali. Garin sauri na haɗa da hoton awon wata Hajiya, ga atamfarta a gabana, ga sallah ta matso. Da kunya na kira ta ta sake zuwa. Tun ranar awo ya koma littafi, hotunan ɗinkina kuma suna hawa Google Photos, tunda Google na ba kowa gigabait 15 kyauta.

Data ma haka. Tun da kuɗinta ya tashi a 2025 na daina yi mata sakaci. Danna *323# ka ga abin da ya rage, lamba ɗaya ce a duk layukan Najeriya tun 2023. A Play Store ka sa manhajoji su sabunta kansu da Wi-Fi kaɗai, a Facebook ka hana bidiyo tashi da kansa. Wanda ke cinye data da gaske kuwa ka san shi, shi ne "bari in kalli ɗaya" a TikTok bayan isha'i. Wannan ba setin da ke maganinsa.

Batiri zafi ne abokin gabarsa. A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, ni kuma da ina ajiye waya a teburin guga tana caji. Na daina. Kada ka yi caji a ƙarƙashin filo, kada ka bar ta a rana, kuma in da hali ka jona ta kafin ta sauka ƙasa da kashi 20. Na san da yanayin wutarmu wani lokaci sai ta mutu murus kafin a kawo, amma kada ya zama kullum. Caja ta asali ta fi ta bakin titi sauƙi in ka yi lissafin kuɗin gyara. In caji ya fara wasa, musamman da hunturu, leƙa ramin caja, ƙura ce da zare. Kashe wayar ka zaƙulo da tsinken sakace. Ban da allura, duk da ita ce ta fi kusa da hannun tela.

Abu na ƙarshe shi ne wanda mutane ke cewa sai gobe. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, za ta fito, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida tare da kwali da rasit. Sa wa wayar makulli, sa wa sim ɗin ma nasa PIN, don ɓarawo ya fi son layin da ke haɗe da banki a kan wayar kanta. A WhatsApp kunna Two-step verification, wato ƙarin lambar sirri da ke hana wani buɗe WhatsApp ɗinka a wata wayar. In wani ya kira ya ce ya tura maka lamba shida bisa kuskure ka karanto masa, kashe kiran, ko da muryar ta yi kama da ta ɗan unguwarku. In za ka kai caji shago, ka kai ta a kulle.

Ni yanzu in zan yanka yadi, wayar tana cikin durowa. Na taɓa amsa saƙo da almakashi a hannu, na rage wa wani Alhaji inci biyu a hannun rigar shadda, kuma daga aljihuna na sayo wata.